Rabon Maraƙa

Bazarar bana ta zo da zafin da har tsofaffi sai da suka yi magana. Tun ƙarfe tara na safe duwatsun da suka kewaye Jalingo suke fara huro wa gari wuta, fanka kuwa, in ma an kawo lantarkin, iska mai zafi kawai take juya maka. A cikin wannan hali ne likita ya ga dama ya ce jinina ya hau, dole in riƙa tattaki kullum. Ni da na taɓa yi wa makaranta gudu, yau ni ake rubuta wa tafiya a takarda kamar magani. Na ce to, Allah ya sa mu dace.

Ranar Talatar da ta wuce na dawo daga zagayen filin wasa bayan la'asar, riga ta manne mini a baya, ina haki. Zamana a kan tabarma ke da wuya sai ga 'yata Ummi, wadda ke karatun aikin jinya, ta fito da kofi mai sanyi.

"Abba, shanye wannan. Madara ce da cakulan."

"Me zan yi da shi? Ruwa na ce ki kawo."

"Ai ka sha ruwan. Wannan shi ke mayar wa jiki abin da ya ƙona. In an gama motsa jiki ba a jinkiri, nan take ake sha. Har manyan 'yan ƙwallo shi suke sha."

Na karɓa don kada in gwale ta. Ban ma kai kofin baki ba ƙamshin ya riga ni. Na ajiye shi a gefen tabarma. Ta ce ko sukari ne ya yi yawa, na ce a'a, cikina ne bai kwanta ba. Ƙarya nake. Na san wannan abin sha tun kafin in san uwarta, na kuma san abin da ya ci a gidanmu.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan, Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Ina da shekara goma sha bakwai, muna zaune a Sintali a wani gidan ƙasa mai ɗaki biyu da rumbu ɗaya: Baba, Inna, yayata Adda Dija da ta girme ni da shekara uku, sai ni. Baba a da mai garke ne a wajen Iware. Annoba ta shigo ta share masa shanu kaf, ya tattaro mu muka dawo gari, ya kama noma a wata gona ta wajen Abbare. Bai taɓa yin kuka da halin da ya shiga ba, amma in garken wani ya gifta a hanya, to ko sauri muke yi sai ya tsaya har saniyar ƙarshe ta wuce.

Akwai wata al'ada tamu ta Fulani da ake kira haɓɓanaye. Idan ɗan'uwa ya rasa dukiyarsa, mai shanu zai kamo saniya ɗaya ya kai masa ya ɗaure. Ba kyauta ba ce, ba kuma saye ba. Za ta zauna a hannunka ka sha nononta, in ta haihu abin da ta haifa naka ne, sannan ka mayar da uwar ga mai ita da godiya. Daga wannan 'yar maraƙa ake fatan garke ya sake tashi. Kawu Gidado, yayan Inna, shi ya yi wa Baba wannan. Ya koro mana wata saniya mai farin goshi, Wule, tana ɗauke da ciki. Da sanyi ya shigo ta haifi mace. Ranar na ga haƙoran Baba duka a waje, abin da na manta rabon da in gani. Ya sa mata suna Risku, wato arziki, yakan tsuguna gabanta ya yi ta yi mata magana da Fulatanci kamar tana ji.

Sai dai shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Daminar baya ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta fitar da kai babu ƙwayar kirki. Kafin bazara ta kankama Inna ta fara shiga rumbu da tsintsiya tana sharo na ƙasa. Tuwo ya koma sau ɗaya, da magariba. Da safe kunu ne tsararo, da rana kuma kowa ya san inda ya nufa. Mu samari mangwaro muke bi, ɗanye shar, mu dangwala gishiri mu ci har haƙora su mutu. Rijiyar unguwa ta ƙafe. Mata sukan tafi rafin Lamurde su tona yashi, su zauna da ƙoƙo suna jiran ruwa ya tsattsafo. Kullum da yamma hadari yakan taso ta bayan duwatsu, baƙi ƙirin, kowa ya fito yana kallon sama, sai iska ta zo ta watsa shi. An fita roƙon ruwa har sau biyu.

A wannan lokaci Wule ce ke riƙe da gidan, kuma aikinta a tsare yake. Da asuba Adda Dija za ta wanke ƙwaryar tatsa ta kwance Risku daga turke. Irin shanunmu ba sa sakin nono sai 'yarsu ta fara tsotsa, don haka za a bar maraƙar ta ɗan ja, in nono ya sauko a janye ta a ɗaure kusa da wuyan uwar, uwar tana lasarta ana tatsa. Baba ya kafa doka: da safe a tatsi kan nono biyu, a bar wa Risku biyu. Na yamma kuwa ba a taɓa shi sam.

"Na yamma na Risku ne," in ji shi, "ko da mutuwa ake yi a gidan nan."

Abin da Adda ta tatsa shi take kwantarwa ya zama kindirmo, ta ɗora a ka ta tafi kasuwa, ta dawo da garin masara da kuka da 'yar daddawa. Wato tuwon da muke ci da magariba daga hantsar Wule yake fitowa. Ita kanta saniyar ta rame, ƙasusuwan ƙugunta sun fito. Wani tsohon makiyayi ne ke tattara shanun unguwa ya fita da su, ba wata ciyawa suke samu ba, sai karan da rana ta ƙone. Baba yakan hau bishiya ya saro mata ganyen kawo, ya ɗauko a ka tun daga gona. Ni kuma aikina ɗaya ne tak: da yamma in ta dawo in ba ta ruwa, in kwance Risku ta sha ta ƙoshi. A lokacin Baba yana gona yana sharar fili, Inna tana rafi, Adda tana kasuwa. Gidan daga ni sai su.

A makaranta kuwa an zaɓe mu mu shida za mu yi gasar gudu da sauran makarantu. Malamin wasanninmu Mista Bitrus ne, mutumin wajen Zing, gajere kakkaura, da usur a wuya ko masallaci ko coci. Ƙarfe huɗu muke fara atisaye, ƙafa ba takalmi, ƙasa tana ƙuna. Wata rana ina zagaye na uku sai na ga filin ya karkace, ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Da na farfaɗo na gan shi a kaina yana yi mini fifita da littafi.

"Kai Sa'adu, me ka ci yau?"

"Kunu, sa."

"Kunu da me?"

"Kunu da mangwaro."

Ya girgiza kai. Washegari ya kira ni gefe ya miƙo mini wani gwangwani a cikin leda, garin cakulan ne ya kai rabi. Daga gidansa ya ɗauko, na san ba wadata ce ta yi masa yawa ba.

"Ƙafa naka yana da kyau, amma jiki babu mai," in ji shi da irin Hausarsa. "Idan ka gama gudu, kar ka jira. Cokali biyu a cikin madara. Madara fa na ce, ba ruwa ba. Shi ne zai gyara nama da ka yaga. Ku Fulani ai madara yana gida."

Na ce, "Yana gida, sa." Kunya ba ta bar ni in ce masa madarar gidanmu tana da masu ita ba.

Ranar farko a ruwa na dama, na sha, na ce ai duk ɗaya ne. Rana ta biyu ma haka. Rana ta uku na dawo ƙafafuna suna rawa, idona yana ganin duhu-duhu, na tarar Wule ta riga ni isowa tana tsaye bakin turke. Na ba ta ruwa, na kwance Risku. Ta ruga ta kama nono tana tunkuri, jelarta tana kaɗawa, kumfa fari yana zubowa ta gefen bakinta yana ɗiga a ƙasa. Na tsaya ina kallon wannan kumfan da ƙasa ke shanyewa. Na ce a raina, wanda ke zuba a banza ma ai ya ishe ni.

Na ɗauko kofin silba na janye maraƙar na ɗaure ta a wuyan uwar, yadda na saba ganin Adda tana yi. Ɗan Fulani ne ni, ba sai an koya mini ba. Rabin kofi na tatsa. Na zagaya bayan rumbu na zuba cokali biyu, na juya da tsinken kara. Madarar da ɗuminta, kumfa a sama, ƙamshin saniya da na cakulan sun haɗu. Wallahi ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba, kafin nan ko bayan nan, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Na ji yana sauka har cikin cinyoyina. Na wanke kofin da yashi, na cusa gwangwanin a cikin jinkar rumbu, na saki Risku ta ƙarasa abin da ya rage.

Washegari na yi gudu kamar ba ni ba. Mista Bitrus ya dubi agogonsa ya dube ni, ya ce, "Ka gani ko? Na gaya maka!" Shi ke nan fa. Rabin kofi ya zama kofi, kofi ya zama biyu. Wata rana har uku, in atisayen ya yi tsanani. Kullum ina da abin da zan gaya wa kaina: ai da safe tana samun nata, ai dabba ce, ai in ruwa ya sauka ciyawa za ta fito ta murmure. Saniyar da ko a wadata ba ta cika ƙwarya ba, ita nake zarar wa kofi biyu a tsakiyar bazara. Abin da nake bar wa maraƙar bai wuce ta jiƙa baki ba.

Cikin sati biyu Risku ta canza. Ta daina tsalle-tsallen da take yi in an kwance ta. Gashinta ya tashi tsaye, haƙarƙarinta ya fito ana ƙirgawa da ido, cikin ya zurma. Ta koma lasar bango da taunar igiyarta. In na zo wucewa sai ta kama yatsuna tana tsotsa, don tana jin ƙamshin madarar uwarta a jikinsu. Nakan fizge hannuna in wuce.

Baba ya shiga damuwa. Ya ce tsutsar ciki ce, ya jiƙa sassaƙen maɗaci ya ɗura mata. Ya ba ta kanwa, ya yi mata tofi, ya canza mata turke ko wurin ne bai karɓe ta ba. Wata magariba muna cin tuwo a tsakar gida, zafi ya hana kowa shiga ɗaki, sai ya ajiye lomarsa ya kira Adda.

"Dija, daga gobe kan nono ɗaya za ki riƙa tatsa. A bar mata uku."

Inna ta ce, "Malam, ɗaya? Me zai sayo mana?"

"Abin da ya sayo shi za mu ci. Mu mun san yunwa, ita ba ta sani ba."

Da kunnena na ji wannan. Daga washegari malmalar tuwon ta ragu, miyar ta zama ruwa, na ga Inna tana tura mini nata tana cewa ta ƙoshi. Kuma da yamma ta yi na sake ɗauko kofin silba. Ba zan yi wa kaina kwalliya ba, ban rage ko ɗigo ba. Abin da kawai na ce shi ne saura kwana tara gasa, in an gama zan daina.

Saura kwana huɗu ruwa ya sauka. Ranar tun hantsi gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi, zufa tana bin mutum yana zaune. Wajen la'asar gabas ta yi baƙi, aka soke atisaye, muka ruga gida. Iska ta taso da ƙarfinta tana kwasar faifai da tabarmi, sai ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ɗigo manya-manya, sai kuma aka sake shi gaba ɗaya. Unguwa ta kaure da ihu. Inna ta fito da duk wani abu mai baki a gidan, tukwane da kwanoni har da turmi, ta jera a bakin indararo. Baba ya shigo daga gona sharkaf yana ta hamdala. Babu wanda ya lura iska ta yaye 'yar rumfar da ke kan turken Risku sai da aka jima. Muka same ta kwance a cikin taɓo, ruwa yana dukanta, tana karkarwa.

Maraƙa mai ƙoshi da ta miƙe ta girgije, shi ke nan. Ita ba ta da abin da za ta yaƙi sanyi da shi. Baba ya sungume ta kamar jaririya ya kai ɗakinsa, ya sa aka hura wuta a kasko, ya lulluɓe ta da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a. Da gari ya waye mutane suna fita da fartanya da irin shuka, kowa fuska a sake, mu kuma a gidanmu Risku ta mutu. Wule ta tsaya bakin turke tana kuka, irin kukan da ke shiga har cikin ƙashi.

Baba ya aika Iware ta motar kasuwa, kafin la'asar Kawu Gidado ya iso. Ya ce a feɗe ta, don in babu fatar 'yarta saniyar ba za ta ƙara sakin nono ba. Muka kai ta bayan gida, ni na riƙe ƙafafu, su suna aiki. Da aka gama cire fata Kawu ya ce bari ya ga abin da ya kashe ta, kada ya zama ciwon da zai kama uwar. Ya farka cikin. Ya juya hanta, ya duba huhu, ya bi hanji da yatsa. Ya daɗe a tsugune.

"Wannan ba ciwo ba ne," in ji shi. "Hanta lafiya, babu tsutsa. Duba nan, ko ɗigon kitse babu. Cikinta igiya ce da ƙasa. Yunwa ce ta kashe ta." Ya ɗago kai. "Wa ke tatsa?"

Baba ya ajiye wuƙar. Ya miƙe ya ƙwala wa Adda kira. Ta zo tana goge hannu a zani.

"Dija, nono nawa na ce ki tatsa?"

"Ɗaya, Baba."

"Ɗaya kike tatsa?"

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta dubi abin da ke kwance a ƙasa, ta sunkuyar da kai, hawaye suka zubo. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Kowa ya ɗauki shirun nan a matsayin amsa. Baba ba mai duka ba ne, da ma dukan ya yi da ya fi sauƙi. Ya shiga gida ya ɗauko ƙwaryar tatsa ya miƙa wa Inna a gabanta, sannan ya ce, a hankali, "Wannan hannun naki bai san amana ba. Kada ki ƙara kai shi jikin saniya."

Ina nan tsugune, ƙafar maraƙar tana hannuna. Kalma uku ce: ni ne, Baba. Ta zo har bakina. Tsoro ya hana ni, gaskiya ne, amma ba tsoron duka ba. Abin da ya zo mini a rai a wannan lokacin, Allah ya gani, shi ne in na faɗa ba za a bar ni in je gasa ba.

Aka cusa wa fatar ciyawa aka ɗinke, aka kafa mata ƙafafun kara, aka barbaɗa mata kanwa a baya. Da safe Inna takan ajiye wannan abu gaban Wule, ita kuma ta yi ta lasa tana gunji ƙasa-ƙasa, ta ɗan saki abin da bai kai ludayi uku ba. Kwana shida aka yi haka, nonon ya ƙafe. Kawu Gidado ya aiko cewa a riƙe ta har ta sake haihuwa, haka al'ada ta tanada, ba a yi fushi ba. Baba ya ce a'a. Ya ce an ba shi amana gidansa ya cinye, ba shi da idon da zai karɓi ta biyu. Da asuba ya kama igiyarta ya taka da ƙafa har Iware, ya dawo washegari da igiyar a naɗe a hannu. Daga nan ko akuya bai ƙara ɗaurewa ba.

Gasar kuwa na zo na uku. Aka ba ni tawul da takardar shaida. Baba ya juya takardar ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Gwangwanin na jefa shi a salga da sauran garin a ciki. Daminar ta yi kyau ƙwarai, masara ta yi goyo bibbiyu, muka ci muka ƙoshi, aka daina maganar Risku a gidan.

Adda Dija ce ba ta koma yadda take ba. Da mai surutu ce da tsokana, ita ke kwaikwayon tafiyar Mista Bitrus har Inna ta riƙe ciki. Bayan nan ta zama mai shiru. Ta yi aure a Iware, gidan masu shanu sosai, amma ba ta taɓa tsugunawa gindin saniya ba. Dangin mijinta suka yi ta yi mata tsiya, wai Bafulatanar birni mai tsoron ƙaho. Takan ce, "Hannuna ne ba ya yi da dabba." Na taɓa jin ana wannan tsokana a wani taron suna, aka yi dariya, ni ma na yi.

Na yi karatu, na kama aiki, na gina gida. Yau in na buɗe firij madara ce iri-iri, ta gari da ta ruwa, yara su sha rabi su bar rabi. Sau nawa na shirya zan faɗa? Da farko na ce sai na girma. Da na girma na ce abu ya wuce, tono shi sai ya tayar da hankali. Da Baba ya kwanta ciwon ajali ya tara mu yana sallama da kowa. Ya kamo hannun Adda ya ce, "Dija, maganar maraƙar nan, na yafe miki." Ta ce, "Na gode, Baba." Ina zaune a bakin gadon ina yi masa fifita, ban daina kaɗa mafici ba.

To wannan ne Ummi ta miƙo mini a kofi ba ta sani ba. Kwana huɗu ina juyi da abin, ranar Asabar na tada mota na kama hanyar Iware. Gonaki duk an share an ƙone ana jiran ruwa, shanu a bakin hanya sun rame. Na iske Adda a gindin mangwaron ƙofar gidanta tana tsince wake a faifai. Ta tsufa fiye da shekarunta, amma idon nan nata yana nan.

"Jaɓɓama, lale marhabin! Yau manyan gari ne a ƙauye? Ince dai lafiya, ko Ummin ce za a aurar?"

Muka gaisa, aka kawo ruwa, aka tambayi kowa da kowa. Da jikokinta suka watse na gyara zama.

"Adda, kin tuna Risku?"

Hannunta ya tsaya a kan faifan. "Wa zai manta?" Kafin in haɗa maganata ta riga ni. "Ka san ban taɓa gaya wa kowa ba. Ludayi ɗaya nake ƙarawa. Bayan na gama da nonon da Baba ya ce, sai in ɗan ja na kusa da shi, ludayi ɗaya, in zuba maka a kununka. Ina ganin yadda kake dawowa daga gudun nan kamar za ka kife. Na ce ludayi ɗaya ba zai yi komai ba. Ashe zai yi."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na ce, "Adda, ba ludayinki ba ne."

Na faɗa mata duka. Gwangwanin, kofin silba, bayan rumbu, ban rage komai ba. Ina magana ina kallon ƙasa, mutum mai furfura. Da na gama ta ɗago ta dube ni. Ta ajiye faifan a gefe.

"Kofi nawa?"

"Biyu. Wata rana uku."

"Kullum?"

"Kullum. Sati uku."

"Har bayan da aka rage tuwo?"

"Har bayan nan."

Ta buɗe tafin hannunta biyu a kan cinyarta tana kallonsu, ta juya bayansu, ta sake juyowa. Can a bayan gida ana kiran shanu za a fita kiwo.

"Kana wurin, Sa'adu. Ranar da ya karɓe ƙwaryar, kana tsugune."

"Ina wurin."

"Ranar da ya ce ya yafe mini ma kana wurin."

"Ina wurin, Adda. Ki yafe mini don girman Allah."

Ta share ido da bakin mayafinta. "Yunwa kake ji, na sani, ni na ga idonka a lokacin. Na yafe maka duniya da lahira."

Na fara godiya, sai ta ɗaga mini hannu.

"Tsaya tukuna. Ni ka same ni da rai. Baba fa? Wa zai je ya gaya masa ba ni ba ce?"